Daga Ganou zuwa duwatsun Taneka: yadda iyali zai shirya kwanan daji na farko

Yaron da aka haifa a unguwar Ganou ta Parakou, ko a Zongon Djougou, yana iya kammala firamare bai taɓa kwana a wajen ɗakin da aka rufa da kwano ba. Ya san zaki da giwa a wayar babansa, amma bai san kukan daji da dare ba, bai san yadda ake hura wuta cikin iskar hunturu ba. Shi ya sa magidancin da ya ga hutun ƙarshen Disamba ko na Fabrairu ya matso zai iya tunanin ɗaukar iyalinsa su je bayan gari su kafa tanti su kwana, abin da masu Faransanci ke kira camping. Tunani ne mai kyau, sai dai a arewacin Benin na yau yana buƙatar shiri, domin kuskure ɗaya wajen zaɓen wuri, ko wajen ruwan sha, yana iya mayar da shaƙatawa abin nadama.

Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe

Sunan Zongo da unguwannin Hausawa ke amsawa a Parakou, Djougou, Kwatano, Lome da Kumasi ya samo asali ne daga kalmar zango, wato wurin da matafiya ke sauke kaya su kwana. A ƙarni na 18 da na 19, ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da kanwa, tufafi da fatu, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Parakou, su yada zango a Djougou, sannan su nufi Salaga a ƙasar Gonja, arewacin Gana ta yau, don sayo goro. Tafiyar watanni ce, da rani ake yin ta, kuma akwai mata da yara a cikin ayarin.

Fatake suna da tsari. Madugu ne shugaba, shi ke yanke shawarar tashi da sauka. Jagaba kan yi gaba ya duba hanya da wurin sauka. Sammako suke yi, su sauka tun rana ba ta yi nisa ba, don a samu lokacin neman ruwa da itace kafin duhu. Ba sa sauka a ƙasar wani sarki ba tare da gaisuwa ba. Waɗannan ƙa'idoji huɗu, shugaba guda, binciken hanya, saukar wuri da neman izini, su ne har yau ginshiƙin kwanan daji lafiya. Motar da ta maye gurbin jaki ba ta sauya ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tambayar farko: ina za a je?

Da an ambaci yawon daji a Benin, sunan da ke fara zuwa baki shi ne gandun Pendjari, a jihar Atacora. Gandun yana cikin haɗakar W-Arly-Pendjari da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2017, kuma tun wannan shekarar ƙungiyar African Parks ke kula da shi. Amma ranar 1 ga Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a cikin gandun, aka kashe ɗan rakiyarsu, Fiacre Gbédji. A Fabrairun 2022 nakiyoyi sun hallaka ma'aikata a gandun W. A Afrilun 2025 gwamnatin Benin ta tabbatar da mutuwar sojoji 54 a hare-haren da aka kai a yankin W. Wannan ya isa hujja: gandayen biyu da duk yankin da ke dab da iyakar Burkina Faso da Nijar ba wurin kai yara kwana ba ne, kowane irin tabbaci direba ko ɗan kamasho ya bayar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai wurare a kudu da wannan layin da suka fi dacewa da tafiyar farko. Daga Parakou zuwa Djougou kilomita 135 ne ko kusa da haka, a kan kwalta, ta Bétérou inda ake ƙetare kogin Ouémé. Arewa da Djougou kaɗan, a ƙaramar hukumar Copargo, akwai ƙauyukan Taneka-Béri da Taneka-Koko, waɗanda aka gina a jikin duwatsu, da ƙananan ɗakuna masu da'ira da rufin ciyawa. Idan aka ƙara kimanin kilomita 80 daga Djougou za a isa Natitingou, kuma ba nisa da garin akwai magangarar ruwa ta Kota. Yamma da Natitingou, a hanyar Boukoumbé, akwai Koussoukoingou da gidajen ƙasa masu bene na Batammariba, waɗanda ake kira tata. A 2023 UNESCO ta faɗaɗa yankin Koutammakou, wanda ta amince da shi a Togo tun 2004, ya haɗo da ɓangaren Benin.

Ko a waɗannan wurare, labarin jiya ba ya isa. Yanayin tsaro yana sauyawa, don haka a makon tafiya a je ofishin 'yan sandan Police Républicaine mafi kusa da wurin a tambaya, a kuma tambayi ɗan'uwa ko abokin ciniki mazaunin garin. Idan amsoshin biyu suka saɓa, a bi wadda ta fi tsanani.

Ga iyalin da bai taɓa yi ba, abin da ya fi shi ne kwana ɗaya tak, a wurin da bai wuce tafiyar awa ɗaya daga asibiti ba, kuma a gefen ƙauye ko a harabar masauki mai maigadi. Tsakiyar daji inda babu kowa na masu gogewa ne. Gonar wani dangi a bayan N'Dali ko Tchaourou ma ta isa ta zama makarantar farko, in dai mai gonar yana nan.

Lokacin da ya dace

A arewacin Benin damina tana farawa wajen Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba. A wannan lokaci ciyawa ta yi tsayi, sauro ya yi yawa, hanyoyin ƙasa suna yankewa, rafi kan cika cikin awa ɗaya. Maris da Afrilu kuma watannin bazara ne, zafi yakan kusanci digiri 40, abin da ƙaramin yaro ba ya jurewa a cikin tanti. Saura kenan daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu: sama garau, sauro ya ragu, ƙasa a bushe.

Hunturu ma yana da nasa sharaɗin. Da rana akwai zafi, amma da asuba a kan duwatsun Atacora sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 18, kuma mai kwance a ƙasa ya fi mai kwance a gado jin sa. Kowane mutum ya samu bargonsa, yara su samu rigar sanyi, hula da safa. Ƙura tana tayar da asma, don haka wanda ke da ita ya riƙe maganin shaƙarsa a aljihu, kada a cusa shi a ƙasan jaka. Man kaɗe yana hana leɓe da dunduniya tsagewa. Lokacin ne kuma ake ƙona daji, kuma manyan motocin auduga ke cika hanya. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida da rabi, saboda haka a tsara isa wurin kafin ƙarfe uku, a kuma haramta wa kai tuƙin dare.

Izini da gaisuwa

Babu filin da ba shi da mai shi. Wurin da baƙo ya gani kamar fako yana iya zama gonar da aka bari ta huta, ko maƙabarta, ko wurin bautar mutanen garin. A Taneka musamman akwai kogwanni, duwatsu da bishiyoyi da ba a taɓawa, akwai kuma dattawan da ba a ɗaukar hotonsu sai da yardarsu. Kafin a sauke ko tabarma, maigida ya je wurin mai gari ko delege, ya gabatar da kansa, ya faɗi yawan mutanensa da lambar motarsa da ranar da zai tashi, ya miƙa goron gaisuwa. A nemi ɗan rakiya daga cikin garin a biya shi haƙƙinsa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a yanayin da kowa ke zargin baƙuwar fuska, iyalin da mai gari ya san da zamansa ya fi wanda aka tsinta da safe kwanciyar hankali.

Dazuzzukan da gwamnati ta keɓe, irin su Wari-Maro da Ouémé Supérieur da ke tsakanin Parakou da Djougou, suna ƙarƙashin dokar gandun daji ta 1993. Ba a shiga a kwana, a sari itace ko a kunna wuta a cikinsu sai da izinin ma'aikatan Eaux et Forêts. Mai son zuwa can ya fara da ofishinsu.

Zaɓen wurin kafa tanti

A nemi tudu mai faɗi, a share ciyawa da busasshen ganye har taku biyar a kowane gefe. Wannan sharar tana korar kunama da maciji, tana kuma zama katanga idan wutar daji ta taso. A guji gindin tsohuwar kuka ko duk bishiya mai kogo, domin zuma kan yi gida a ciki, a guji bishiya mai busasshen reshe, a guji suri da tarin duwatsu. Kada a kafa a cikin busasshen rafi. Kada kuma a tare burtali ko mashayar shanu: makiyaya kan bi da garkensu da sassafe ko da dare, kuma garke ba ya kauce wa tanti. Idan akwai rugar Fulani kusa, a je a gaisa. Sau da yawa a nan ake samun nono da wagashi, da kuma sahihin labarin abin da ke yawo a dajin.

Ba dole sai an sayi tanti mai tsada ba. Tamfol biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, da igiya, turaku da gidan sauro sun isa da rani. Wanda ya sayi tanti ko ya aro, ya kafa shi a tsakar gida kwana biyu kafin tafiya, yara su kwana a ciki. A daren ne ake gane turken da ya ɓata, zip ɗin da ya lalace, da yaron da ke tsoron duhu. Ƙofar tanti ta juya wa arewa maso gabas baya, domin daga can iskar hunturu ke busowa.

Ruwa ya fi komai nauyi

Ruwa ne abin da sababbin matafiya suka fi yi wa ƙaramin lissafi. Babban mutum yana buƙatar kusan lita 3 na sha a rana, ga girki, alwala da wanke hannu. Idan aka ware wa kowa lita 8 a rana, iyali mai mutum shida da zai yi kwana biyu yana buƙatar lita 96, wato jarka huɗu masu cin lita 25. Nauyinsu kilo 100 ne, kuma dole a sa shi cikin lissafin abin da mota za ta ɗauka. A ware jarka ɗaya ta sha kaɗai, a yi mata alama.

Idan ruwan ya ƙare aka koma ga rijiya ko rafi, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi ya yi aƙalla minti ɗaya yana ɓarɓara, ko a sa masa ƙwayar Aquatabs da ake samu a kantin magani, a jira minti 30 kafin a sha. Yara za su so yin wanka a duk ruwan da suka gani. Tafki da kududdufi masu kwance su ne gidan tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, don haka a hana su. A magangarar ruwa kuma duwatsu suna da santsi, zurfin ba ya nuna kansa. Babba ɗaya ya tsaya a bakin ruwa ba tare da waya a hannu ba, aikinsa ƙirga kawuna kawai.

Abinci da wuta

Guzurin fatake har yanzu shi ne mafi dacewa: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin rogo, dabino da gyaɗa. Ba sa lalacewa, ba sa buƙatar ƙanƙara. Kasuwar Arzèkè a Parakou da babbar kasuwar Djougou suna da duka. A ƙara da shinkafa da wake, doya ta gasawa, burodi, shayi da madarar gari. Ɗanyen nama da kifi su tsaya a gida, sai dai abin da za a dafa a ranar farko. Uwargida ta soya miya tun a gida, domin idan girki ya cinye mata yinin gaba ɗaya, hutun ya zama na maigida da yara kawai. A raba aiki tun kafin a tashi: wannan ɗebo ruwa, wannan wanke kwanuka, wannan tattara shara.

Wuta tana buƙatar ido. A haƙa ɗan rami a fili da aka share, a kewaye shi da duwatsu, nesa da tanti kuma a gefen da iska ba za ta kai tartsatsi kansa ba. A ajiye bokitin ruwa ko na yashi kusa. Kafin barci a kashe ta da ruwa, a tona tokar a tabbatar ta huce. Tartsatsi ɗaya da hunturu yana iya cinye gonar kashu ko rumbun doya na wani, kuma baƙon da ya kunna shi zai amsa tambaya.

Akwai kuskuren da ke kisa cikin shiru: shigar da murhun gawayi ko na gas cikin tanti don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Mai barci ba ya jin shigarta, kuma yara ta fi saurin kayarwa. Duk tsananin sanyi, wuta a waje take kwana, a ƙara bargo.

Sauro, maciji da kunama

Raguwar sauro da rani ba ta nufin babu shi, musamman kusa da ruwa. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Benin ta fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Afrilun 2024, amma allurar ba ta maye gurbin gidan sauro. Cutar takan bayyana bayan mako ɗaya zuwa biyu da cizo, don haka duk zazzaɓin da ya biyo bayan dawowa a kai shi gwaji, kada a ce gajiyar hanya ce. Mace mai ciki da jariri ɗan watanni sun fi dacewa da jiran wata shekarar.

Macijin da ya fi cutar da mutane a wannan yanki shi ne kububuwa. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take fita, kuma dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya ga kamar ya warke sannan jini ya fara zuba daga dasashi ko cikin fitsari. Kariya mai sauƙi ce: takalmi rufaffe bayan magariba, tocila a hannun duk mai fita, kakkaɓe takalmi da bargo kafin amfani, kuma kada yaro ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. Idan sara ya auku, a kwantar da mutumin, a cire zobe ko munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, kada a ɓata lokaci a kan baƙin dutse. Maganin dafi na asibiti ne kaɗai ke warware shi. A san hanyar tun kafin a tashi: akwai babban asibitin CHUD a Parakou, asibitin Ordre de Malte a Djougou, da asibitoci a Natitingou. Yana da kyau a kira a tambaya ko suna da maganin dafin a ajiye.

Akwatin magani ya ƙunshi farasitamol na manya da na yara, bandeji, filasta, maganin wanke rauni, almakashi, ma'aunin zafin jiki da ƙunshin gishirin gudawa. Idan ƙunshin ya ƙare, a haɗa lita ɗaya na ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganin da ya wuce kwanakin tafiyar.

Takardu, waya da mota

Shingayen bincike sun ƙaru a hanyoyin arewa. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa, yara a tafi da takardun haihuwarsu, mota da cikakkun takardunta. Masu zuwa daga Najeriya ta Chikanda da Nikki, ko daga Togo ta Kara da Ouaké, su haɗa da katin rigakafin shawara. Idan yaron ɗan'uwa ne aka ɗauko, a karɓi takardar amincewar iyayensa. Masu tasowa daga Nijar su fara bincikar halin da iyakar Gaya da Malanville take ciki, domin ta daɗe a rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Tun ƙarshen Nuwamban 2024 lambobin wayar Benin suka koma lamba goma, da 01 a farko. Duk tsohuwar lambar da ke cikin waya a gyara ta kafin ranar buƙata. A tafi da layi biyu na kamfanoni daban, MTN, Moov ko Celtiis, domin a tsakanin duwatsu ɗaya kan ɗauke ɗaya ya kama. Lambar 'yan kwana-kwana ita ce 118. A rubuta muhimman lambobi a takarda a sa a aljihun babban yaro. A bar wa wani a gida sunan ƙauyen, sunan ɗan rakiya da lokacin dawowa, tare da yarjejeniyar abin da zai yi idan lokacin ya wuce bai ji kira ba. Hotuna kuma a jira a dawo gida kafin a sa su a Facebook ko WhatsApp, don kada a sanar da duniya inda iyali ke kwana da kuma cewa gida babu kowa.

Mota ta ga bakanike kwana uku kafin tafiya: birki, taya, safaya, jak, ruwan inji da fitilu. A cika tanki a Djougou ko Natitingou. A riƙe tsabar sefa ƙanana, domin a ƙauye ba kullum ake samun canji ko wurin cirar kuɗin waya ba.

Sallah da tarbiyyar yara

Tafiyar Parakou zuwa Djougou ta wuce nisan ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya yake kusan kilomita 80, don haka matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana iya rage sallolin raka'a huɗu zuwa biyu. A duba alƙibla tun da rana a yi mata alama da dutse. A keɓe wa mata wurin kewayawa da tamfol, a haƙa rami nesa da ruwa, a rufe shi da ƙasa bayan amfani.

Kafin a sauka daga mota a gaya wa yara doka uku: ba a fita daga inda ake ganin tanti, ba a cin 'ya'yan itacen da babba bai gani ba, kuma wanda ya ɓace ya tsaya inda yake ya yi ta busa usur. Usur ɗin roba a wuyan kowane yaro bai kai kuɗin katin waya ba. Bayan haka a sake su su koya. Ɗan rakiya zai nuna musu kaɗanya, ɗorawa da sawun dabbobi, da dare kuma ga kaza da 'ya'yanta a sama, taurarin da fitilun Parakou ke ɓoyewa.

Da safe a kwashe komai. Benin ta haramta ledar da ba ta ruɓewa tun dokar Disamban 2017, kuma ledar da aka yar a daji takan ƙare a cikin tumbin saniya. A tattara shara a buhu a komo da ita gari, a rufe ramin wuta, a koma wurin mai gari a yi sallama. Iyalin da ya bar wurin da tsabta, ya kuma cika alkawarin da ya yi wa ɗan rakiya, zai tarar da ƙofa a buɗe idan hunturun baɗi ya zagayo.